Unguwar Da Maƙwabta Ke Cin Abinci Tukunya Ɗaya A Ƙasar Danmak

A cikin shekarar 1964 ne wani mai zanen gine-gine na ƙasar Danmak, Jan Gudmand-Høyer, ya tara abokansa domin su gina unguwar da za su zauna tare. Suka sami fili a Hareskov, bayan birnin Kopenhagen, amma mutanen wurin suka ƙi, shirin ya wargaje. Sai a 1972 iyalai 27 suka tare a Sættedammen, kusa da garin Hillerød, wadda ake ƙirgawa ta farko.

Dabarar tana cikin zanen. Kowane iyali na da gidansa da madafarsa, amma a bakin unguwa ake ajiye motoci, mutum ya ƙarasa da ƙafa ta ƙofofin maƙwabta, ko ya so ko ya ƙi sai an gaisa. Tsakiya ta yara ce. Akwai kuma babban gida na kowa da kowa, inda ake girki bi da bi a ci tare, injin wanki kaɗan ya wadatar da gidaje da yawa.

Mai karatu zai tuna da gandu, sai dai nan ba dangi ba ne, babu kuma maigida mai yanke magana. Kome sai an zauna taro an daidaita, abin da kan cinye dare.

Da fari sai mai hali ke iya sayen irin gidan. A 1981 gwamnati ta kafa dokar da ta sauƙaƙa wa ƙungiyoyin gama-kai samun rancen gini, masu ƙaramin ƙarfi suka sami shiga.