Kafin Allura Ta Shiga Jiki: Abin Da Ɗalibin Jinya Zai Riƙe Game Da Magani

A shekarar 2010 hukumar NAFDAC ta soke rajistar allurar jentamisin mai ƙarfin miligiram 280, wadda a lokacin ta zama ruwan dare a kyamis-kyamis. Ba don jabu ba ce. Maganin na gaske ne, har gobe ana aiki da mai miligiram 80 a asibitoci, yana kuma ceton jarirai da ƙwayar cuta ta shiga jininsu. Abin da ya jawo haramcin shi ne yadda ake dirka ta ga kowa, ba a duba nauyinsa ba, ba a san lafiyar ƙodarsa ba. Jentamisin in ya taru a jiki yana lalata ƙoda, yana kuma kashe wasu ƙwayoyin halitta masu kama da gashi da ke can cikin kunne, waɗanda da su ake ji. In sun mutu ba sa sake tsirowa. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna za ta iya auna jin mutum, ta ba shi na'urar ƙara ji, amma ba likitan da zai dawo masa da abin da allura ta kashe.

Ɗalibar jinya da aka tura koyon aiki Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko Babban Asibitin Kawo, takan ɗauki darasin ilimin magunguna a matsayin hadda: sunaye masu wuyar faɗi, a cusa su a ka daren jarrabawa, a zubar da safe. Wannan kuskure ne mai tsada. Likita ne ke rubutawa, mai harhaɗa magunguna ne ke bayarwa, amma hannun nas ne na ƙarshe da magani ke bi kafin ya shiga jikin majinyaci. Kuskuren likita nas na iya tare shi. Na nas kuwa, sau da yawa ba mai tarewa.

Tambayar farko ita ce: ina maganin nan zai bi? Ƙwayar da aka haɗiya sai ta narke, hanji ya tsotse ta, sannan ta ratsa hanta, wadda ke lalata wani kaso nata tun kafin ta zagaya jiki. Allurar jijiya ba ta bin wannan doguwar hanya, gaba ɗayanta take faɗawa cikin jini nan take. Shi ya sa awon wasu magunguna na sha ya fi na allura yawa, shi ya sa kuma ba a tura allurar jijiya da gaggawa. Abin da ke cikin ciki ma yana da tasa rawar. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem yana son maiƙo, don haka ake cewa a sha shi da madara ko bayan abinci. Tetrasaikilin da sifrofuloksasin kuwa akasin haka suke: in aka kora su da fura da nono, sinadarin kalsiyam da ke cikin nonon zai kama su a hanji, su fita ba su yi aikin kirki ba. Nas ɗin da ta san wannan ba za ta tsaya ga "a sha bayan an ci abinci" ba, za ta tambayi wane abinci.

Sai fita. Yawancin magunguna hanta ce ke sauya su, ƙoda ta fitar da su ta fitsari. Kowane magani yana da tsawon lokacin da rabinsa ke ɗauka kafin ya bar jini. Na farasitamol awa 2 zuwa 3 ne. Daga nan tazarar shan magani ta samo asali. Idan aka rubuta maganin kashe ƙwayar cuta sau uku a rana, ana nufin kowace awa 8, ba safe da rana da yamma a dunƙule cikin awa goma ba. A watan azumi wannan kan zama matsala sosai, domin za ka tarar mutum ya sha ɗaya da buɗa baki, ɗaya bayan asham, ɗaya da sahur, sannan jini ya wuni babu magani. Gyaran ba faɗa da majinyaci ba ne. A koma wa likita, a ga ko akwai wanda ake sha sau ɗaya ko sau biyu a rana, ko kuwa ciwon ya kai a ajiye azumin.

Inda ɗalibai suka fi zufa shi ne lissafi, alhali bai wuce na firamare ba. Yaro mai kilo 12, farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, ya kama miligiram 180. Idan kwalbar ta ce miligiram 120 a mililita 5, to mililita 7.5 zai sha. Ba cokali ba, domin cokalin gidan Badarawa da na gidan Malali ba girmansu ɗaya ba. Allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani miligiram 2.4 ce ga kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi, a yi ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda, wato a ɗora yaro a sikeli. Kintacen nauyi da ido ɗabi'a ce da ake koya daga manya a ranar da layi ya yi tsawo, kuma ɗabi'a ce da ya kamata a ƙi koya. Haka ɗigon nan da ke raba 0.5 da 5: in biro ya ci shi, awo ya ninka sau goma.

A ɗakin haihuwa ne ake ganin duk darasin a wuri guda. Mace ta zo da jijjiga, hawan jini ya kai inda ya kai, dangi na salati a bakin ƙofa. Maganin shi ne magnesiyam salfet: giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa 4. Da aka shigo da shi asibitocin gwamnatin Kano a 2008, mutuwar mata masu jijjiga ta ragu ƙwarai da gaske. Sai dai ƙoda ce kaɗai hanyar fitarsa, ita kuma jijjiga ƙoda take taɓawa. Idan fitsari ya ragu, maganin zai taru, ya kashe ƙarfin tsoka, daga ƙarshe ya tsayar da numfashi. Don haka kafin kowace allura ta gaba, nas za ta ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa ta ga ko ƙafa ta zabura, ta ƙirga numfashi ya kai 16 a minti, ta duba jakar fitsari ta ga ana samun aƙalla mililita 30 a awa. In ɗaya ya gaza, a dakata, a kira likita. Makarinsa, kalsiyam gulukonet, ya kasance a kan tire tun farko, ba a cikin kabad ɗin da mai makulli ya tafi salla ba. Wadda ta fahimci dalilin waɗannan gwaje-gwaje ba za ta tsallake su da ƙarfe ukun dare ba. Wadda ta haddace su kawai, za ta tsallake.

Oksitosin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ita kuma zafi ne abokin gabarta. Ana ajiye ta a firij tsakanin digiri 2 da 8. Wani bincike da aka yi tare da NAFDAC a 2016 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran da aka gwada a Nijeriya ba su cika ƙarfinsu ba. Kwalbar da ta yi watan Maris da Afrilu a kan kanta ba abar dogaro ba ce, ko da kwanan watan jikinta bai ƙare ba.

Akwai kuma abin da littattafan da aka rubuta a Ingila ba su cika damuwa da shi ba. Majinyacinmu ba ya zuwa asibiti da jiki fayau. Kafin ya iso ya biya kyamis ɗin unguwa an haɗa masa ƙwayoyi a leda, an yi masa allura biyu, gwaggo ta ba shi jiƙo. In aka ce "Baba, kana shan wani magani?" zai ce a'a, domin a wurinsa abin da ya riga ya shanye ba ya cikin lissafi. A tambaye shi da ladabi: "Baba, tun da ciwon ya fara, me da me aka ba ka? Ledar tana nan?" A nan ake gano wanda ya haɗa maganin mura mai farasitamol da wani farasitamol ɗin daban har ya haura giram 4 a rana, hanta na wahala. A nan ake gano mai gyambon ciki da ke ta shan diklofenak, ko mai tarin fuka da ke shan rifamfisin ba a gaya mata yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa ba, ba a kuma gaya mata zai rina fitsarinta ja ba, ta tsorata ta daina sha.

Wani lokaci kuma an yi komai daidai, maganin ne da kansa guba. A ƙarshen 2008 yara suka riƙa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da wasu asibitocin ƙasar nan, fitsari ya ɗauke musu. Da aka bi diddigi, sai aka tarar maganin haƙori ne mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadarin masana'antu. Yara 84 suka rasu. Abin da ya tona asirin shi ne ma'aikatan lafiya sun lura alamomin iri ɗaya ne, suka tambayi iyaye abin da aka ba yaran, suka kai rahoto. NAFDAC tana da takarda mai launin ɗorawa ta rahoton illar magani, da manhajar Med Safety a waya, kuma ba sai an tabbatar ba ake cikewa. Zargi ma ya isa.

Ɗalibi, idan rubutun likita bai karantu ba, ko awon ya yi maka yawa a ido, kada ka zuƙa a sirinji. Ka koma ka tambaya, ko da za a harare ka. Allurar da wani ya zuƙa ya ajiye ba rubutu a jikinta, kada ka yi ta. Wadda ka yi kuma, ka rubuta lokaci da awo a katin magani, ka sa hannu kafin ka matsa gado na gaba.