Kafin ka biya kuɗin babbar mota 'yar Kwatano, ka ji abin da kwamfutarta za ta faɗa

A garin Matameye, da ke kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta iyakar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, ba abin mamaki ba ne a ga Mercedes ko Lexus ko Range Rover a ƙofar gidan ɗan kasuwa. Akasarinsu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa. Har yanzu 'yan Kwatano ake ce musu, ko da yake tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke biyowa.

Mai saye yakan zagaya mota, ya duba fenti da tayu, ya saurari ƙarar inji, in ya ga babu fitilar da ke ci a allon gaban direba sai ya shiga ciniki. Ga tsohuwar Peugeot 504 wannan ya wadatar. Ga babbar motar zamani kuwa cinikin biri a sama ne, domin lafiyarta na rubuce a cikin kwamfutocinta, inda ido da kunne ba sa kaiwa.

Kwamfuta nawa ke cikin mota?

Babbar mota tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, a wasu samfurori sun haura 50. Ɗaya na kula da inji, tana auna iskar da ke shiga da man da za a fesa. Wata na kula da giya mai canza kanta, wata birki, wata jakunkunan iska na kariya, wata kuma balan-balan ɗin da ke ɗaga motar a maimakon sifirin. Duk lokacin da ɗayarsu ta ga abin da bai yi daidai ba, sai ta ajiye lamba a ƙwaƙwalwarta.

Ana karanta lambobin ta wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Tsarin sunansa OBD-II. Amurka ta wajabta shi a kan motoci tun samfurin 1996, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan esansi, sai 2004 ga masu gazuwal. Na'urar da ake jonawa ita ce makanikanmu ke kira baliz.

Kowace lamba tana farawa da harafi. P na nufin inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U kuma layin da kwamfutocin ke magana da juna ta cikinsa. P0301 na cewa silinda ta ɗaya tana fashin wuta. P0171 na cewa iska ta yi wa mai yawa. P0420 na nuna katalizar, wato matatar hayaƙi, ba ta aiki yadda ya kamata. P0730 kuwa giya ce ke zamewa, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yadda ake rufe bakin fitila

Fitila mai siffar inji da ke allon direba ita ce ke sanar da matsala, kuma akwai hanyoyi biyu da marasa gaskiya ke bi su kashe ta. Ta farko, a cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta daga ciki. Gane wannan ba wuya: ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ko ka danna maɓallin tashi ba tare da ka taka birki ba. Dole dukkan fitilu su kama na ɗan lokaci. Wadda ta ƙi kamawa, an taɓa ta.

Hanya ta biyu ta fi wayo. Da baliz mafi araha ana goge lambobin cikin minti ɗaya, fitila ta mutu, ciwo yana nan. Sai bayan kwana biyu ko uku, mota ta iso gida an gama taya murna, fitilar ta dawo.

Amma gogewa tana barin sawu. Kwamfutar inji tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kamar na katalizar da na na'urar auna hayaƙi. Da an goge lambobi, duk sai su koma matsayin waɗanda ba a kammala ba, kuma ba sa cika sai motar ta yi tafiya mai ɗan tsawo, cikin gari da kan babbar hanya. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. In baliz ya ce kilomita 7, alhali mai mota ya ce kullum da ita yake yawo, to akwai tambaya. Cire batir ma yakan jawo haka, saboda haka ba hujjar ha'inci ba ce kai tsaye, dalili ne na sake gwaji. Motocin Amurka daga samfurin 2010 kuma suna da lambobi na dindindin da baliz ba ya iya gogewa, sai an gyara abin da ya lalace su tafi da kansu.

Ba kowane baliz ba

Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar salula, irin ELM327, galibi ɓangaren inji kawai take gani. A babbar mota kuwa, abin da ke cinye dukiya yakan kasance a giya, ko ƙafafun iska, ko birki. Kowane kamfani yana da nasa tsarin: Xentry na Mercedes, ISTA na BMW, Techstream na Toyota da Lexus. Akwai kuma manyan na'urori irin na Launch da Autel masu shiga yawancin sassa. Tambayar da za ka yi wa makanike ita ce: na'urarka tana buɗe dukkan kwamfutocin wannan samfurin, ko inji kaɗai?

Kuma kai za ka zo da makanikenka, kai za ka biya shi. Wanda dillali ya kawo, abincinsa na hannun dillali.

Matakan gwaji

A fara da inji mai sanyi, wanda ya kwana bai tashi ba, domin matsaloli da yawa suna ɓuya in ya ɗau zafi. A karanta dukkan sassa, a ɗauki hoton sakamakon da waya, kada a goge komai. A auna batir: mai lafiya yana ba da wajen bolt 12,6 in inji na kashe, tsakanin 13,5 da 14,5 in yana aiki. Batir mai rauni yakan haifar da tarin lambobin da ba su da tushe.

Daga nan a hau hanya, kilomita 20 zuwa 30, baliz yana jone. A lura da zafin ruwan inji, wanda ya kamata ya tsaya kusa da digiri 90, da yadda giya ke shiga. A dawo a sake karantawa. Lambar da ta bayyana bayan wannan tafiya ita ce gaskiyar motar.

A kwatanta lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 a wuri uku: gindin gilashin gaba, takardun duwan da kart giris, da cikin kwamfuta. In sun saɓa, ko an canza kwamfutar, ko takardun ba na motar ba ne. Haka kilomita: a manyan motoci da yawa ba a allon direba kaɗai ake ajiye shi ba, wanda ya rage shi a wuri ɗaya yakan bar shi a wani. A tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirga, mil 100 000 ya kai kusan kilomita 161 000.

Da lambar shasin ana iya neman tarihin motar Amurka a intanet ta Carfax. Wannan yana da muhimmanci, domin motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye ana gwanjonsu a fitar da su waje. Guguwar Harvey kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas a 2017. Motar da ta sha ruwa takan yi kyan ɗan maciji: tsatsa na cin wayoyinta a hankali, lambobin U suna fitowa yau a nan gobe a can.

Lamba ba hukunci ba ce

Ganin lamba ba ya nufin a gudu. P0171 na iya zama ƙurar hunturu ce ta toshe na'urar auna iska, ko wani tiyo ya tsage, gyaran 'yan jikkuna. Fashin wuta na iya zama buji ne ya gaji, ko man kwalba na bakin hanya mai gauraye da ruwa. P0420 kuma sau da yawa yana tona cewa an fasa katalizar an kwashe cikinta, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki irin su falatinam. Irin waɗannan abin ciniki ne: a ƙiyasta kuɗin gyara a cire daga farashi.

Waɗanda ya kamata su tsayar da ciniki su ne lambobin giya mai zamewa, da saɓanin lambar shasi, da alamun ruwa, da jakar iskar da aka cire bayan haɗari aka yaudari kwamfuta don fitila ta mutu. Na ƙarshen nan maganar rai ce. Sannan baliz ba ya ganin shasin da aka yi wa walda ko mai da ke yoyo, dole a shiga ƙarƙashin mota da fitila.

Ga mazaunin Matameye lissafin ya fi nauyi. In giyar Range Rover ta tsaya, sai an ɗauki motar zuwa Damagaram ko Maraɗi ko Kano, a jira kayan gyara daga waje, a biya masauki da kuɗin ja. Saboda haka a yi gwajin tun a wurin saye, kafin kuɗi su bar hannu, kuma a sa shi cikin sharaɗin ciniki a gaban shaidu. Mai motar da ya ce ba za a jona baliz ba, ya riga ya faɗa maka sakamakon.