Toka, gishiri da lemun tsami: yadda nake wanke ɗakin kaji da tankin kifi



Shekarata ta farko da fara kiwo a nan Tudun Wadan Dankadai, na sayo 'ya'yan tarwaɗa 500 na zuba a tankin roba. Kafin su iso na ce wa ƙanena ya wanke tankin tas. Yaro ya ɗauko garin sabulun wanki da ruwan bilic na gida ya dirje, ya ɗauraye sau ɗaya, muka cika ruwa muka zuba kifi da yamma. Da asuba sama da rabinsu sun juya ciki sama. Laifina ne, domin ni na karanta harkar noma a jami'a, kuma ban tsaya na ce masa komai ba. Sabulu yana lalata santsin da ke jikin kifi da matsatsar da yake numfashi da ita, sinadarin kulorin kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi kashe ƙananan kifi.

Daga ranar na daina kai sabulun kanti kusa da ruwan kifi. Da kuɗin kayan wanki ya yi ta hawa kuma, sai na fara duba abin da ke cikin gida.

Hajiyarmu ce ta fara yi mini dariya. Ta ce, "Kai da digirinka sai yanzu ka san toka? Da ita muka wanke tukwanen da aka dafa maka kunu." Gaskiyarta. Tokar itace ko ta karan masara tana da sinadari irin na kanwa, wanda ke narkar da maiƙo da busasshen kashin kaji. Ga yadda nake yi: na tankaɗe kwano ɗaya na toka mai tsabta, wadda ba a ƙona leda ko roba a ciki ba, na zuba a bokiti mai cin lita 20, na cika da ruwan zafi, na juya, na bar shi ya kwana. Da safe sai na tsiyaye ruwan saman. Da shi nake dirje daɓen siminti, mazuban abinci da ƙasan bango. Tokar ɓuntun shinkafa, wadda muke da ita birjik a nan, ba ta kai ta itace ƙarfi ba, amma tana da kaushi, ta fi kyau wajen goge datti da soso. Ruwan toka yana cin hannu fa, ka sa safar roba ko ka ɗaura leda, kuma kada ya fantsama maka a ido.

Lemun tsami aikinsa daban. Wannan farin abin da ke daskarewa a cikin mazubin ruwan kaji, musamman ga masu amfani da ruwan burtsatse, toka ba ta fitar da shi, tsami ne ke narkar da shi. Ina matse lemu biyar ko shida a ruwa lita biyu, ko na sa ruwan khal, na jiƙa mazuban kamar minti talatin, na goge, na ɗauraye. Na roba kawai. In naka na kwano ne mai rufin tutiya, tsami yana cinye rufin, kuma abin da ya narke ba shi da kyau ga kaza.

Kuskure biyu nake yawan gani. Wasu suna haɗa toka da lemun tsami a bokiti ɗaya wai don ya ƙara ƙarfi, alhali kashe juna suke yi, ka tashi da ruwan da bai fi na rijiya ba. Na biyun ya fi muni: haɗa lemu ko khal da bilic. Wannan yana tayar da iskar kulorin mai guba, a rufaffen ɗaki tana iya kwantar da mutum, balle 'yan tsaki.

A tankin kifi kuwa na taƙaita abin: gishirin girki, buroshi da rana. Na zubar da ruwa, na barbaɗa gishiri a jikin tankin yana da danshi, na dirje, na ɗauraye sau uku, na bar shi a rana yini biyu. Haka nake yi wa koma da robobin ɗaukar kifi. Ba na sa ruwan toka a tankin da kifi zai shiga nan kusa, saboda tarwaɗa ta fi son ruwan da awon pH ɗinsa ke tsakanin 6.5 da 8.5, ragowar toka kuwa tana haura da shi. Ganyen darbejiya ma, da nake tafasawa ina yayyafawa a bayan ɗakin kaji saboda ƙudaje, ba ya zuwa kusa da kifi, yana yi musu illa in ya yi yawa. Masu gonaki a gefen dam ɗin Tiga da rafukan da ke gangarawa cikinsa, a tuna duk abin da aka zubar na wanki yana da inda yake tafiya.

Yanzu ga wurin da nake so a saurare ni da kyau, domin a nan ake asarar jari.

Wanke datti daban, kashe ƙwayar cuta daban. Toka da lemu suna yin na farko sosai. Na biyun ba za ka dogara da su ba. Ƙwayar cutar gumboro tana iya zama a ɗakin kaji wajen wata huɗu bayan an kwashe kajin, tana jiran sabbin tsaki. Ƙwan cutar da ke sa zawon jini shi ma taurin kai gare shi, bushewa da zafi ne suka fi yi masa illa. Murar tsuntsaye kuwa, tun da ta ɓulla a Najeriya a watan Fabrairun 2006, daga wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ta sha dawowa, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi taɓawa. Duk wanda ya ce maka ruwan toka zai tare ta, yaudarar ka yake. In kaji suka fara mutuwa da yawa lokaci guda, ka rufe ƙofa, kada ka kai ragowar kasuwa, ka kira likitan dabbobi ko ka sanar da sashen noma na ƙaramar hukuma.

Don haka tsarina tsakanin zubi da zubi na buroila shi ne: na kwashe ɓuntu gaba ɗaya na kai gona, na share har yanar gizo-gizo, na dirje da ruwan toka, na ɗauraye, na bari ya bushe. Sannan na fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kantin magungunan dabbobi, sau ɗaya, daidai awon da aka rubuta a jikinsa. Amfanin wankin farko shi ne kashin kaji da ƙura suna rage ƙarfin magani, in ka fesa a kan datti kuɗinka ka zubar. Daga nan na buɗe tagogi, ɗaki ya huta sati biyu babu kaza. Kwalbar da a da take ƙarewa a zubi ɗaya yanzu tana kai ni zubi uku, domin wankin yau da gobe ya koma kan toka da lemu. Ruwan tsoma takalmi na bakin ƙofa dai har yanzu na kanti nake sawa.

Abu ɗaya da ya rage, ranar rigakafi. Allurar Lasota da ta gumboro da ake ba wa a ruwan sha suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ko ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom ce ko ta waje. Ragowar sabulu, bilic, toka ko lemu a mazubi yana kashe ta, ka ɗauka ka yi rigakafi alhali ruwa kawai suka sha. Ni daga jajibirin ranar ruwa zalla nake wanke mazubai da shi, na kife su su bushe, na janye wa kaji ruwa kamar awa biyu da sassafe, sannan na haɗa maganin da ruwan rijiya mai sanyi, su shanye cikin awa biyu.