Fitar da kaya daga Abijan zuwa maƙwabta: jirgi ko tirela?

Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa, gari ne da ake ƙera kaya, ba saye da sayarwa kaɗai ba. A unguwannin masana'antu na Yopougon da Vridi da Koumassi ana yin sabulu, man shafawa, man girki, dunƙulen miya, bokitai da takalman roba, har da atamfar Uniwax. Da yawa daga cikin wannan kaya kasuwarsa tana nan kusa: Bamako, Bobo-Dioulasso, Wagadugu, Yamai, Akra, Legas. Hausawan Nijar da na Najeriya kuwa suna cikin masu sari da dillalai da direbobin wannan harka. Sai dai kusancin da ake gani a taswira yana ruɗin mutane. Abin da ke cin kuɗi da kwanaki a wannan yanki shi ne yawan iyakokin da kaya zai ƙetare da irin takardar da ke tare da shi, nisan hanya yana biyo baya.

Unguwanni biyu ne suka raba aikin. Treichville, wadda ke kudu da unguwar Plateau a ƙetaren gadojin Houphouët-Boigny da De Gaulle, ita ce ta tashar jiragen ruwa da tashar jirgin ƙasa da ofisoshin masu fiton kaya a kwastan, waɗanda ake kira tiranzite. Adjamé tana arewa da Plateau, can ne babbar tashar mota da manyan kasuwannin sari. A Treichville takarda ce ke magana, a Adjamé sanayya da amana.

Mu fara da ruwa. Abijan ta samu babbar tasha ne bayan da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, ya haɗa teku da tafkin Ébrié. An faɗaɗa mashigin a 2019, aka buɗe tashar kwantena ta biyu a ƙarshen 2022. Ga mai kaya mai yawa da zai je Tema ko Lome ko Legas ko Dakar, kwantena ita ce mafi kwanciyar hankali: an rufe ta da hatimi a masana'anta, ba mai taɓa ta a hanya, kuma ƙasa ɗaya kawai za a yi wa bayani. Mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin kubik mita 33 na kaya, mai ƙafa 40 kusan ninkinsa. Wanda kayansa bai cika kwantena ba ana haɗa masa da na wasu, amma sai ya jira ta cika. Tafiyar jirgin kanta 'yan kwanaki ce. Inda lokaci ke tafiya shi ne jiran jirgin da zai bi ta garin da ake so, domin yawancin jiragen da ke zuwa daga Asiya da Turai suke, ba don cinikin maƙwabta aka tsara zirga-zirgarsu ba. Sai kuma fiton kaya a ɗaya ɓangaren. Duk ranar da kwantena ta wuce wa'adin da aka ba ta kyauta, tara ce take hawa, ta kamfanin jirgi daban, ta tasha daban.

Jirgin ƙasa kuwa layi ɗaya ne tal. Turawan Faransa suka fara shimfiɗa shi a 1904, ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. Sunan da suka ba shi Abijan–Nijar, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba. Kamfanin Sitarail ne ke tafiyar da shi tun 1995. Ya dace da kaya mai nauyi wanda ba ya gaggawa, irin su taki da mai da kwantena, kuma babu shingen jandarma a kan dogo. Aibinsa shi ne ba ya zuwa ƙofar kowa. Sai an yi lodi sau biyu, an sauke sau biyu. Mai katan ɗari biyu na man shafawa ba shi da abin yi da tarago.

Jirgin sama daga filin Port-Bouët na samfurin kaya ne, ko magani, ko wani ƙarfen inji da aka tsayar da masana'anta ana jiransa. Da kilo ake biya, don haka ba hanyar sabulu ba ce.

Saura mota, wadda ita ce ke ɗauke da mafi yawan wannan ciniki. Hanyar arewa ta bi ta Yamoussoukro da Bouaké da Ferkessédougou zuwa Ouangolodougou, inda ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Pogo da Zégoua da Sikasso zuwa Bamako, ɗaya ta shiga Burkina Faso ta Niangoloko zuwa Wagadugu. Kowacce daga cikin manyan biranen biyu tana da nisan fiye da kilomita 1,100 daga Abijan, kuma iyaka ɗaya ce a tsakani. Hanyar gabas ta bi ta Aboisso zuwa Noé, ta ratsa Ghana da Togo da Benin zuwa Seme, a iyakar Najeriya. Daga Abijan zuwa Legas kilomita 1,000 ne da 'yan kai, wato ya fi Bamako kusa. Amma iyakoki huɗu ne, kuɗi iri uku, sefa da sidi da naira, ga harshen takardu yana sauyawa daga Faransanci zuwa Ingilishi, ya koma Faransanci, ya sake komawa Ingilishi. Shi ya sa babban lodi na Legas ya fi kyau a ruwa.

A Adjamé ana iya samun mota cikin yini ɗaya. 'Yan kamasho sun san wace tirela ce ta sauke albasar Galmi ko shanu tana neman lodin komawa gida, kuma irin wannan motar takan yi sauƙin kuɗi, don direba ba ya son komawa fanko. Ƙananan 'yan kasuwa ma sukan aika ƙunshi a cikin motocin fasinja masu zuwa Bamako da Yamai. Ban raina wannan tsari ba. Shi ya daɗe yana kai goron Anyama har arewa, kuma sau da yawa maganar dattijon tasha ta fi rasit ƙarfi. Amma amana ba ta biyan diyya idan mota ta kife. Mutane da dama suna ɗauka katin inshorar ECOWAS, wanda ake kira kat burun, ya rufe kayan da ke cikin mota. Bai rufe ba; ɓarnar da mota ta yi wa wani a hanya kawai yake biya. Inshorar kaya daban ake sayenta. Haka nan motar da ta sauke shanu jiya ba ta dace da kayan abinci ba sai an wanke ta sosai.

Akwai kuma kwaɗayin lodi. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari guda, tan 51 ga tirela mai gatari shida. Mai mota zai ce a ƙara, zai rage kuɗi. Idan aka hau ma'auni aka kama, tara ce da sauke rarar kaya a bakin hanya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Takardar da ta fi kowacce daraja ga mai masana'anta ita ce shaidar asalin kaya. Ƙarƙashin tsarin sassaucin ciniki na ECOWAS, wanda ya shafi kayan masana'antu tun 1990, da makamancinsa na UEMOA, kayan da aka ƙera a cikin yankin yana shiga ƙasar maƙwabta ba tare da harajin kwastan ba, ko da yake ana biyan harajin cikin gida. Sharaɗin shi ne masana'antar da kayan su samu amincewar hukuma tun kafin a yi lodi, a nuna cewa an sarrafa shi da gaske, misali aikin da aka yi a gida ya kai kashi 30 cikin 100 na farashinsa a bakin masana'anta. Wanda ya shigo da kaya daga Sin ya sake masa kwali bai cika wannan sharaɗi ba. Idan Najeriya za a kai, mai saye yana buƙatar Fom M, kuma abinci da man shafawa sai da rajistar NAFDAC. Kayan da zai ratsa wata ƙasa kafin ya isa, kamar na Yamai da ke bi ta Burkina, yana tafiya ne da takardar wucewa da jingina; tun 2019 aka fara haɗa kwamfutocin kwastan na Kwaddibuwa da Burkina da tsarin SIGMAT don takarda ɗaya ta wadatar.

A rubuta kuma inda alhakin mai sayarwa ya ƙare. Idan an yi ciniki a kan EXW, daga ƙofar masana'anta komai na wuyan mai saye. Idan DAP ne, mai sayarwa ne zai kai har garin mai saye. Rigingimu da yawa tsakanin abokan ciniki daga "ai na ɗauka kai za ka biya" suke farawa.

Hanya ma tana iya rufewa dare ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a Kwaddibuwa ranar 19 ga Satumba 2002 ya raba ƙasar biyu, jirgin ƙasa ya tsaya kusan shekara guda, kayan Mali da Burkina suka koma Tema da Lome da Dakar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, har kayan da ke da cikakkun takardun ECOWAS suka maƙale a Seme. Mali da Burkina da Nijar sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, amma suna cikin UEMOA, suna kuma amfani da sefa. Saboda matsalar tsaro, motocin Yamai sukan jira ayari da rakiyar soja ta Kaya da Dori da Téra, kuma daga Satumba 2025 'yan bindiga sun riƙa ƙona tankokin mai a hanyoyin shiga Mali.

Don haka ga mai shirin fitar da kaya: lodin Bamako da Bobo a ba tirela mai takardu da inshorar kaya, mai nauyi na Wagadugu a tambayi jirgin ƙasa, babban lodin Legas da Dakar a sa shi a kwantena. Kafin ka je Adjamé neman mota, ka fara zuwa Treichville wajen tiranzite mai lasisi ya duba takardunka, ya kuma gaya maka halin da iyakar take ciki a wannan makon.