Yadda Bulumboti Ya Shigo Ɗakin Maijego

Duk wanda ya halarci suna a gidan wani ma'aikaci a Kaduna, ko Kano, ko Zariya, ya san abin da yakan fara cin karo da shi in ya leƙa ɗakin maijego. Ga bahon wanka da 'yan rakiyarsa duk launi guda, ga gadon jariri mai gidan sauro, ga keken turawa wanda da wuya ya taɓa taka titin unguwar saboda ramuka, ga ɗaurin famfas har kusa da rufi. A kan ɗan tebur kuwa, inda idon baƙi zai fi saurin sauka, akan jera bulumboti biyu ko uku, da fulas ɗin ruwan zafi, da gwangwanin madara mai rubutun Turanci. Tun ciki yana wata bakwai ake fara tara waɗannan kaya, kuma mata masu zuwa barka suna lura da su ɗaya bayan ɗaya, don da su ake auna irin gatan da miji ya yi wa matarsa.

Mafi yawan kayan nan ba su da wani laifi in ban da cin kuɗi. Keke zai ƙare a bayan ƙofa, yaron kuma ya koma bayan uwarsa da zane da majanyi kamar yadda aka goyi kakanninsa. Amma bulumboti da gwangwanin da ke gefensa daban suke, domin su cikin yaron suke shiga, kuma suna da tarihin da ya kamata kowane magidanci ya sani kafin ya sa hannu a aljihu.

A shekarar 1867 wani mai harhaɗa magunguna, Henri Nestlé, ya fara sayar da wani gari na madara da alkama da sukari a garin Vevey na ƙasar Suwizalan, don jariran da ba su samu nonon uwa ba. Ba wanda zai ce wannan nufi mugu ne. Jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ko wadda ciwo ya kwantar, yana bukatar abin da zai raya shi. Sai dai irin waɗannan jarirai kaɗan ne, ciniki kuwa yana son masu saye da yawa. Saboda haka sannu a hankali kamfanonin madara suka juya ga uwaye masu lafiya waɗanda nono ya wadata, kuma da haihuwa ta ja baya a ƙasashen Turai, sai suka fuskanci Afirka da Asiya.

Wadda ta fara ɗaga murya ita ce Dokta Cicely Williams, likitar yara, haifaffiyar Jamaika. Ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, inda ta bayyana wa duniya cutar tamowa da ake kira kwashiyoko. Sunan daga bakin mutanen Ga na Accra ta ɗauko shi, kuma yana nufin ciwon da ke kama yaron da aka cire daga nono saboda ƙaninsa ya taho. Bahaushe ya san wannan sarai, shi ya sa yake gudun kwanika. Da aka mai da ita ƙasar Malaya, sai ta tarar da 'yan mata sanye da fararen kaya irin na ma'aikatan jinya suna bin gidajen talakawa suna tallar madarar gwangwani mai zaƙi a matsayin abincin jarirai. A 1939 ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwar Singafo ta yi lacca wadda ta sa wa suna "Madara da Kisan Kai". An saurare ta, an watse, yaƙin duniya ya zo ya binne maganar.

Bayan samun 'yancin kai ne abin ya bunƙasa a nan Afirka. Rediyo yana talla, allunan bakin titi suna nuna jariri ɓul-ɓul yana dariya, asibitocin haihuwa kuma suna sallamar maijego da ɗan gwangwani kyauta. Wannan kyauta ita ce ƙugiyar. Nono yana zuwa ne gwargwadon yadda yaro ke tsotso. In aka ba shi bulumboti na 'yan kwanaki ya rage tsotso, sai nonon ya ja baya, uwa ta ga kamar ba ta da isasshe, ta ƙara madara, nonon ya ƙara janyewa. Kafin gwangwanin kyauta ya ƙare, gidan ya zama na masu saye. Sa'an nan ga idon jama'a. Matar babban akawu tana ba da bulumboti, matar masinja tana kallo, ita ma tana son a ce ɗanta yana shan abin da 'ya'yan manya ke sha.

Likitocin da suka tona wannan al'amari, da yawansu a Nijeriya suka ga abin da idonsu. Dokta Derrick Jelliffe, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya tafi Uganda, shi ya laƙaba wa abin sunan tamowar da ciniki ke haifarwa. A 1973 wata mujalla ta Ingila, New Internationalist, ta buga hira da Dokta David Morley, wanda ya yi shekaru yana duba yara a yankin Ilesha, da Dokta Ralph Hendrickse, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. Abin da suka bayyana ba shi da wuyar fahimta. Uwa ba ta iya karanta umarnin da ke jikin gwangwani. Ruwan da za ta dama madarar daga rijiya ko rafi yake. Itacen da za ta tafasa bulumboti sau shida ko bakwai a yini ya fi ƙarfinta. Madarar kuma tana da tsada, don haka gwangwanin da ya kamata ya ƙare cikin kwana huɗu sai a tsinka shi da ruwa ya kai mako biyu. Sakamakon shi ne zawo, da rama, da ƙaramin kabari.

A 1974 ƙungiyar War on Want ta Landan ta fitar da wani ɗan littafi a kan maganar. Wasu matasa a Suwizalan suka fassara shi da Jamusanci, suka canja masa suna zuwa wanda ke cewa kai tsaye kamfanin Nestlé yana kashe jarirai. Kamfanin ya kai su ƙara a birnin Bern. A 1976 kotu ta same su da laifin ɓata suna saboda wannan take, ta ci kowannensu tarar faran 300, amma alƙalin ya gargaɗi kamfanin da ya sake salon tallarsa. Kamfanin ya ci shari'a, sai dai zaman kotun ya kai labarin kunnen mutanen da dā ba su taɓa jin sa ba. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin a Amurka, a 1978 kuma Sanata Edward Kennedy ya kira shugabannin kamfanonin madara gaban wani kwamitin majalisar dattawa suka amsa tambayoyi.

Ƙarshenta a watan Mayu na 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idojin sayar da abincin da ke maye gurbin nonon uwa. Ƙasashe 118 suka amince, uku suka ƙi jefa ƙuri'a, Amurka kaɗai ta ce ba ta yarda ba. Ƙa'idojin ba su hana sayar da madara ba. Abin da suka hana shi ne tallata ta ga jama'a, da raba wa uwaye samfur kyauta, da yin amfani da asibiti wajen talla, da ba ma'aikatan lafiya kyaututtuka, da sanya hoton jariri a jikin gwangwani. Nijeriya ta mai da wannan doka da Dokar Soja mai lamba 41 ta 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi kansa likitan yara ne, yake ministan lafiya. An yi mata gyara a 1999, kuma hukumar NAFDAC ke da alhakin tsare ta.

To, doka ta kori hoton jariri daga jikin gwangwani, amma talla ta sami wata ƙofa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da rahoton binciken da suka yi a ƙasashe takwas, har da Nijeriya, inda suka ji ta bakin iyaye da masu juna biyu 8,500 da ma'aikatan lafiya 300. Fiye da rabin iyayen sun ce tallar madara ta iske su. Rahoton ya ƙiyasta cinikin wannan madara a duniya da dala biliyan 55 a shekara. 'Yar talla mai farin kaya ta daina bin gidaje. Yanzu ta wayar hannu take shigowa, da sunan shawara ga mai ciki, ko ƙungiyar iyaye mata, ko wata mai suna a intanet da ke nuna ɗakin jaririnta. Kukan dare da tumbuɗi, waɗanda kowace kaka ta san halin jarirai ne, sai a nuna su kamar cuta wadda maganinta ke cikin gwangwani.

Ma'aikacin da ke tunanin ɗora ɗansa a kan madara yana iya yin lissafin da kansa. Jaririn da ba ya shan komai sai ita yana bukatar kimanin kilo 20 a watanni shida na farko, watau gwangwani 40 masu nauyin giram 500. Sai ya tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a kanti, ya ninka sau arba'in, ya ɗora kuɗin gas ko gawayi, sa'an nan ya aza jimlar kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Bugu da ƙari, garin madarar ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta ko da ba a buɗe gwangwanin ba. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a kuma zubar da abin da ya rage bayan awa biyu. Ko ƙasashen da suka ci gaba ba su tsira ba. A 2008 madarar da aka gurɓata da sinadarin melamin ta kwantar da yara kusan 300,000 a ƙasar Sin, shida suka mutu. A 2022 kuma rufe wata masana'anta guda a jihar Michigan ya sa iyaye a Amurka suna yawo kanti kanti suna neman gwangwani.

Sai dai kuma ba daidai ba ne a ɗora wa kamfanoni dukan laifin. Bahaushiya ba ta gudun shayarwa. Takan kai shekara biyu ko kusa da haka kafin yaye, daidai da wa'adin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Inda gizo ke saƙa shi ne kwanakin farko. A gidaje da yawa har yanzu akan matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙe jariri da ruwa ko madarar shanu ko ta akuya har nono ya yi fari. Alhali dakashin nan shi ne rigakafin yaro na farko, cike yake da abubuwan da ke kare hanjinsa, shi ya sa likitoci ke cewa a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Sa'an nan ga maganar ruwa. Da wuya a shawo kan kaka a watan Afrilu, ana tsananin zafi, cewa jikanta ba ya jin ƙishirwa, ko da yake kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2013 ya nuna kashi 17 cikin 100 kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. A binciken 2018 adadin ya kai kashi 29. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa in da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an ceci yara kimanin 823,000 kowace shekara.

Akwai kuma matar da ba ado ya kai ta ga bulumboti ba, ofis ne. Malamar makaranta, ko ma'aikaciyar banki, ko ɗalibar jami'a da jarrabawa ta tarar da jego, in aka ce mata ta ba da nono zalla wata shida, tana da ikon tambayar yaya za ta yi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta tanada, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi, tare da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa bayan an koma aiki. Rabin awa ba ya kai mace daga sakatariya zuwa gida, balle ta dawo. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun hutun da ya fi wannan tsawo. Jihar Legas ta mai da hutun wata shida ga ma'aikatanta a 2014, Jihar Kaduna ta yi haka a 2019. Matar da ke aiki a kamfani mai zaman kansa, ko ƙaramar makarantar kuɗi, sau da yawa abin da maigidan aiki ya ga dama shi take samu, ɗaliba kuwa kalandar makaranta ba ta san da ita ba.

Ga irin waɗannan mata, abin da ma'aikatan jinya ke koyarwa a asibitocin awo ya fi kowane kaya na kanti sauƙi. Uwa ta wanke hannu ta tatsi nononta a cikin kofi mai murfi wanda aka tafasa. Zai kai kimanin awa huɗu a wuri mai inuwa, ko kwana huɗu a firiji in wuta ta tsaya. Mai reno ta ba yaron da ƙaramin kofi ko cokali, domin kofi yana wankuwa sarai, bakin bulumboti kuwa yana da lungunan da madara ke maƙalewa ta yi tsami. Ko jaririn da dole ta sa aka ɗora a kan madarar gwangwani, maraya ko wanda uwarsa ke jinya, da kofin ake son a ba shi, bisa awon da likita ya faɗa, ba tare da an ƙara ko cokali ɗaya na ruwa don gwangwanin ya daɗe ba.