Masu haɗa amfili a kasuwar Gazawa

Wanda ya daɗe rabonsa da kasuwar Gazawa, kunnensa ne zai fara shaida masa an sami canji. A da mai maganin gargajiya yakan tsaya da makirfo a hannu, yana zuba kirari har muryarsa ta dushe. Yanzu ƴar lasifikar Sin ce rataye a jikin rumfa, tana maimaita magana ɗaya tun hantsi har la'asar. Sai mutum ya kutsa bayan masu cajin salula kafin ya iske mai haɗa amfili, da ƙarfen dalmarsa da tarin matattun rediyoyi a gabansa.

Abin da yake haɗawa ba shi da kyan gani. Akwati ne na katako, a ciki da ƴar na'urar TDA2003 irin ta rediyon mota, an ɗaure ta da kusa a jikin gutsuren tukunyar sanholo don ya sha mata zafi. A gabanta akwai 4558, wadda ke ɗaga raunanniyar muryar makirfo kafin ta kai ga babba. Wannan duka yaron shago ma yana iya liƙawa. Gwaninta tana wurin wuta.

A Gazawa ne babban layin lantarki mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake rabuwa, reshe ya nufi Maraɗi, reshe ya nufi Damagaram. Amma ƙauyukan da ke sayen kayan wannan rumfa, daga ƙasar Agye har zuwa Gidan Rumji, da yawansu ba su san wayar kamfanin lantarki na NIGELEC ba sai daga nesa. Shi ya sa kusan komai a kan batir mai bolt 12 ake gina shi. Da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har masallatan cikin gari sun koma neman amfilin da ke ci da batir.

Ɓarnar kuma iri ɗaya ce kullum. Wani ya juya kan batir, ja a wurin baƙi, alhali tuni ya cire fiyus ya naɗa zaren waya a madadinsa. Wani ya jona fanon sola kai tsaye ba batir a tsakani. Da tsakar rana fanon yana haura bolt 20, sai kondansa mai ɗaukar 16 ya kumbura ya fashe. Mai wutar gida kuwa kukansa gurnani ne a lasifika, domin bayan taransifoma da diyod huɗu an sa masa ƙaramin kondansa inda ya kamata a sa babba mai 4700.

Wayar makirfo ita ce abin da mai rumfar ya fi faɗa a kansa, kuma yana da gaskiya. Mutane sukan ƙara mata tsawo da wayar fitila, su dawo suna cewa amfili ya lalace, yana ƙugi, wani lokaci har da muryar gidan rediyo a cikin kiran salla. Sai ya fere ta gaske ya nuna: silin tsakiya na murya ne, saƙar jan ƙarfe da ke lulluɓe da shi ita ke tare hayaniya, kuma dole a liƙa ta a ɓangaren ƙasa. Ƙaramin makirfon da ake cirowa daga tsohuwar kaset shi kuma sai an ba shi ƴar wuta ta cikin resista, in ba haka ba ko tari ba zai fitar ba.

Ciniki a nan ba ya sauri. Ladan zai zo da kuɗin da jama'a suka tara, ya tambayi mai rumfa nawa. A ce jikka goma. Ya taya biyar, a ce albarka, Baba, kuɗin waya kaɗai ya kusa rabin haka. Ya tuna masa aikin Allah ne, ya miƙe kamar zai tafi. A ƙarshe a sallama a bakwai, da sharaɗin mai rumfa zai je ya ɗaura lasifikar da kansa, ya juya bakinta nesa da inda liman ke tsayawa don kada ta yi kuka.

Kayan aikin daga babbar kasuwar Maraɗi suke zuwa, su kuma can daga Sabon Garin Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Watannin da iyaka ta yi a rufe bayan juyin mulkin sun sa mai rumfar ya koma fasa tsofaffin rediyoyi yana tsintar kondansa, kuma ko da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, kuɗin mota da na shingayen hanya duk a kan ƴar na'urar nan suke sauka. Abin takaici, a rumfar da ke maƙwabtaka da shi akwatin Sin mai Bluetooth ya fi nasa araha, ga fitilu masu walƙiya. In ya mutu, kayan allonsa ƙanana ne sosai, ƙarfen dalmar mai rumfar ba ya iya kama su. Samarin da ya kamata su zauna su koyi aikin yanzu duk suna layin gyaran salula.