Dandaji: Garin da ya mayar da tsohon masallacinsa ɗakin karatu na kowa da kowa

A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, akwai manyan gine-gine biyu na ƙasa a cikin haraba ɗaya. Ɗaya sabon masallacin Juma'a ne mai ɗaukar masallata kimanin 1,000. Ɗayan kuma tsohon masallacin garin ne, wanda yanzu kantocin littattafai da wuraren zaman karatu ne a cikinsa.

An kammala aikin a shekarar 2018, aka raɗa wa cibiyar suna Hikma. An aro sunan ne daga Baitul Hikma ta Bagadaza, inda masana suka riƙa fassara littattafan lissafi da likitanci da falsafa zuwa Larabci a zamanin daular Abbasiyya.

Dandaji ƙaramin gari ne na Hausawa. Lokacin da aka tsara aikin, mutanensa ba su wuce 3,000 ba, kuma akasarinsu yara ne da matasa. Duk da haka, sunan garin ya shiga mujallun zanen gine-gine na duniya. A 2017 aikin ya ci lambar zinare ta gasar gidauniyar LafargeHolcim a rukunin Afirka da Gabas ta Tsakiya, a 2018 kuma ya zo na biyu a duniya baki ɗaya.

Lambar yabo dai ba ta koya wa yaro karatu. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne yadda ƙaramin gari ya samar wa kansa wurin da ɗalibi da manomi da matar aure za su shiga su zauna ba don saye ko sayarwa ba, da kuma abin da ake buƙata don kada wurin ya mutu.

Ginin da aka so rushewa

Tsohon masallacin ya tsufa, ruwan sama ya ci jikinsa, kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Shawarar farko ita ce a rushe shi a gina sabo da siminti, kamar yadda ake yi a garuruwa da dama.

Wasu mata biyu masana zanen gine-gine ne suka kawo wata shawarar. Ta farko 'yar Nijar ce, Mariam Issoufou, wadda a lokacin aka fi sani da Mariam Kamara. Kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aikin manhaja, sannan ta koma Jami'ar Washington ta karanci zanen gine-gine. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa sunan Hausa: Masomi. Ta biyun ita ce Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran, wadda suka yi karatu a jami'a ɗaya.

Shawararsu ita ce a gina sabon masallaci babba a kusa, a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. Ta haka garin zai sami abu biyu a maimakon ɗaya, kuma ba zai rasa ginin da iyaye da kakanni suka yi sallah a cikinsa ba.

Wani zai iya jin abin bambaraƙwai, a ce masallaci ya koma laburare. To amma karatu a masallaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Masallacin Sankore na Tumbuktu makaranta ne, haka tarihi ya nuna game da Gobarau a Katsina. A Dandaji ma sallah ba ta bar harabar ba, ta dai matsa 'yan taku kaɗan zuwa wuri mafi yalwa.

Hannun Falke Barmou

Akwai wani dalilin da ya sa rushe ginin zai zama asara. Aikin Alhaji Falke Barmou ne, maginin gargajiya wanda ya gina masallacin Juma'a na Yama, shi ma a jihar Tawa.

An fara masallacin Yama a 1962, kuma aikin gayya aka yi: wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. Daga baya Falke ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowacce da irin adonta. A 1986 ginin ya ci lambar Aga Khan, wadda ke cikin manyan lambobin yabo na gine-gine a duniyar Musulmi.

Da aka tashi gyaran masallacin Dandaji, sai aka gayyato maginan da suka yi aikin tun farko. Su suka san sirrin ginin. Su kuma suka koyi sababbin dabarun ƙarfafa yaɓe don ya jure wa ruwan damina. Da yake itacen gini ya yi wuya a yankin, da ƙarfe aka yi matakala da benen da aka ƙara a ciki da wuraren zaman masu karatu.

Shi kuwa sabon masallacin, da bulon jar ƙasa aka gina shi, irin wanda ake matsewa da inji. Akasarin kayan aikin daga kewayen garin aka samo su, cikin tazarar da ba ta kai kilomita biyar ba. Wannan ya rage kuɗin dako, ya kuma sa lada ta zauna a aljihun 'yan gari.

Ginin ƙasa na da wata fa'ida da duk wanda ya taɓa zama a soro ya sani. A watannin Afirilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Tawa. Bango mai kauri da hanyoyin shigar iska suna sa ciki ya yi sanyi ba tare da na'ura ba. A garin da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, wannan ne ke sa a iya zama a yi karatu da tsakar rana. An kuma haƙa ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina don shayar da itatuwan harabar.

Abin da mata suka nema

Makarantar sakandaren Dandaji na karɓar ɗalibai daga ƙauyuka biyar na kewaye. Su aka fara tunawa a tsarin: littattafai, ɗakin kwamfuta, da wurin nazari da babu hayaniya.

Sai dai da aka zauna da ƙungiyoyin mata, tsarin ya faɗaɗa. An ƙara azuzuwan yaƙi da jahilci, da na koyon lissafin kuɗin sana'a, da wurin koyon aikin hannu, da filin wasan yara. Macen da ke sayar da ƙuli-ƙuli ko ke cikin adashi ta san amfanin iya rubuta bashi da riba fiye da kowa. Filin wasan kuma shi ke ba uwa damar zama a aji alhali ɗanta na kusa da ita.

Alƙaluman ƙasar sun nuna dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma mata ne a baya. Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Asusun UNICEF ya ce kimanin yara mata uku cikin huɗu ake aurarwa kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta bar makaranta da wuri na buƙatar wata ƙofa da za ta koma ta ci gaba.

A nan ne zaɓen wurin ya yi tasiri. Da an kai laburaren bayan gari an kewaye shi da katanga da mai gadi, da wuya maigida ya bar matarsa ko 'yarsa ta je. Harabar masallaci kuwa wuri ne da kowa ya amince da shi, kuma sau biyar a rana jama'a ke ratsa ta. Wanda ya zo azahar zai ga ƙofar ɗakin karatu a buɗe.

Akwai kuma saƙon da ginin ke isarwa ba tare da wa'azi ba. Yankin Sahel ya daɗe yana fama da ƙungiyoyin da ke ƙona makarantu suna cewa boko ya saɓa wa addini, kuma ɓangaren jihar Tawa da ke iyaka da Mali ya sha hare-haren 'yan bindiga. Yaron da ya tashi yana ganin liman da malamin lissafi a haraba ɗaya, ba kowa ne zai iya ruɗarsa da wannan magana ba.

To ai akwai waya

Mai karanta wannan labari a wayarsa zai iya cewa zamanin laburare ya wuce, tunda komai na intanet. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma data kuɗi ce, caji ma kuɗi ne. A gida mai mutum goma sau da yawa waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida. Ɗalibar da ke shirin jarrabawa na buƙatar tebur da haske da shiru, abubuwan da waya ba ta bayarwa.

Shi ya sa sanarwar da hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya suka fitar a 1994 ta tsaya a kan cewa a ƙa'ida laburaren jama'a kyauta ya kamata ya zama. Da zarar an sa kuɗin shiga, komai ƙanƙantarsa, waɗanda suka fi buƙatar wurin su za su fara janyewa.

Bahaushe ya san wannan tun kafin UNESCO. Dandali ba shi da ƙofa balle tikiti. A can ake kiɗan kalangu da gaɗa da kokawa, a can yara ke koyon tashe da wasan kwaikwayo. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya a shekarun 1970, matasa na haɗuwa suna aikin gayya da wasanni, kuma a Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975. Ɗakin karatu irin na Dandaji ƙari ne a kan wannan gado: dandali ne da aka yi wa rufi aka zuba wa littattafai.

Wa zai cika kantoci?

Gini shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ke kashe laburare a ƙananan garuruwa sananne ne: littattafai su tsufa ba a sabunta su ba, ma'aikaci ya yi watanni ba albashi, kwamfuta ta lalace a rasa mai gyara, daga nan sai kwaɗo a ƙofa.

Shekaru da dama wasu garuruwan Nijar sun dogara da cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC, shirin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara a tsakiyar shekarun 1980. Gari ne ke ba da gini da masu kula, ƙungiyar kuma ta kawo littattafai da kayan aiki. Ban da aron littafi, akan nuna fina-finai, a yi wasan kwaikwayo da gasar karatu.

Yanzu al'amura sun sauya. A watan Oktoban 2024 aka sauya sunan cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke Yamai zuwa na Moustapha Alassane, fitaccen mai shirya fina-finai da ya yi zamansa a Tawa. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin da ke tafiyar da mulkin ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ma'anar wannan ita ce nauyin cika kantoci ya ƙara dawowa gida.

Nauyi ne, amma dama ce. Matar da ta gama ajin yaƙi da jahilci da Hausa, idan ta tarar da kanta cike da littattafan Faransanci kaɗai, ba za ta daɗe ba za ta manta abin da ta koya. Alhali littattafan Hausa suna nan jingim a tsallaken iyaka, daga Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam zuwa ƙagaggun labaran Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Ga kuma ɗimbin mutanen da ƙidaya ke sa su cikin marasa karatu, alhali suna karanta ajami sarai. Su ma suna da haƙƙin samun kantarsu.

Abin dubawa ga garuruwan Arewa

Jihar Tawa na iyaka da Sakkwato, kuma matsalar iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu. A zamanin En'e an taɓa buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewacin Najeriya, inda mutane ke zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a 1939. Yau hedikwatar ƙaramar hukuma nawa ce ke da laburaren da yaro zai shiga bayan la'asar?

Abin da aka yi a Dandaji bai fi ƙarfin ƙungiyar ci gaban gari ba. Kusan kowane gari na da tsohon ginin da aka yi watsi da shi, ko tsohuwar kotun alƙali, ko ofishin hakimi, ko masallacin da aka tashi daga cikinsa. Kowane gari na da magina, da malaman makaranta da suka yi ritaya, da 'ya'yan gari da ke aiki a birni waɗanda ke tara kuɗi duk shekara don bikin sallah.

Matakan da Dandaji ta bi a bayyane suke. An zaɓi wurin da jama'a ke bi kullum. An tambayi mata da ɗalibai abin da suke so kafin a aza tubali. An ba maginan gari aikin, ta yadda idan bango ya tsage akwai wanda ya san yadda zai ɗinke shi.

Sauran aikin na kullum ne. Duk mai gidan ƙasa ya san dole a duba rufi da indararo kafin ruwan farko ya sauka, a kuma sake yaɓe idan damina ta wuce. Haka ɗakin karatu yake: yana buƙatar kasafin sayen sababbin littattafai duk shekara, da albashin mai kula da shi, da wanda zai buɗe ƙofa a kan lokaci.